Ƙadangare Mai Guntun Bindi

A layin masu sana'ar hannu kowa yana da abin da yake faɗa game da Kafinta. Mai Walda, wanda bango ɗaya ya raba shagunansu, cewa yake yi, "In ya taka maka ƙafa kada ka tsaya jiran magana. Je ka kwanta, gobe ka tarar an gyara maka ƙafar benci." Matarsa kuma takan nuna wa baƙi kujeru 'yan tsugunno da suka cika mata ɗaki, ta ce kowacce da laifin da ta zo biya. Samarin da ke wasan zamiya a kan katako mai tayoyi ba ruwansu da wannan, su abin da suka sani shi ne katakon da ya fito daga hannunsa ba ya cin amanar ƙafa. Amma duk layin an haɗu a kan abu ɗaya: ba a taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba, ko cikin wasa.

Ba da katakon zamiya ya fara sana'a ba. Ƙofofi da gadaje yake yi, har ranar da 'yar ƙanensa, tana 'yar mitsitsiya, ta ga wasu samari suna shillawa a kan katako mai tayoyi huɗu, ta kafe sai an yi mata nata. Ya yi mata da guntun ƙyaure, bai kwana biyu ba ya rabe. Abin ya tsaya masa a rai. Ya duƙufa har ya koyi yadda ake jera siraran fallayen katako, a shafe tsakaninsu da gam, a matse su su kwana, su fito da ɗan lanƙwasa gaba da baya. Mai Walda ne ya haɗa masa injin matsawar da jak ɗin mota. Kafin a ankara samari sun fara cika ƙofar shago.

Ƙanen nasa, uban yarinyar, shi ake kira Mai Zane, don shi ke rubuta allunan shaguna. Shi ya ce kaya ba tambari kamar yaro ne ba suna. Ya ɗauki fensir ya zana ƙadangare a kan wani guntun katako. Kafinta ya ce, "Duk dabbobin duniya ka rasa sai wannan?"

"Yaya, wa ka taɓa gani ya faɗo daga kan katanga, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da tafiyarsa? Ai ɗan zamiya ke nan."

Da layi ɗaya ya zana shi, bai ɗaga hannu ba, don Mai Walda ya iya lanƙwasa shi da wayar ƙarfe guda. Ranar da aka fara gasa ƙarfen aka danna a katako, ƙarshen bindin ya ɓalle, ƙadangare ya fito guntu. Mai Walda ya ce bari ya liƙa, Mai Zane ya ce a bar shi haka, ƙadangaren da ya rasa bindi ya ga duniya. Samari suka sa wa kayan suna Guntu, sunan ya bi su.

Ƙa'idar shagon ɗaya ce: tambari shi ne aikin ƙarshe. Kafinta zai ɗora katako a kan bulo biyu, ya hau tsakiya ya yi ta tsalle da duk nauyinsa, kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Ya sauko ya ƙwanƙwasa yana kasa kunne. Sai ya gyaɗa kai sannan Mai Zane zai zaro ƙarfe daga wuta. Wanda ya kasa ba ya samun ƙadangare, sai a jingine shi bayan ƙofa. Yarinyar, wadda suka laƙaba wa Tsattsewa saboda saurinta, da wannan karatun ta tashi. Kafinta da kansa yake maimaita mata: "In kin ga ƙadangare, hau. In ba ki gan shi ba, ko na zinariya ne kada ki taka."

Bara ne abin ya canza. Masu kantunan kayan wasa suka ce tambarin ƙuna ya tsufa, yaran yanzu launi suke so. Wani gidan ɗab'i ya kawo samfur: ƙadangare kore shar da haƙora, har sun yi masa alheri sun mayar masa da bindinsa. Sai dai irin wannan hoton a fallen ƙasa ake buga shi tun kafin a haɗa katakon. Mai Zane ya daɗe yana kallon samfurin, sannan ya ce, "Yaya, haƙoran ba su dame ni ba. Amma in aka yi haka kowane katako da ƙadangarensa zai fito daga inji, mai kyau da marar kyau."

"Marar kyau ba ya fita daga hannuna."

"Ban ce zai fita ba. Na ce ba mai iya bambance su sai kai."

Kafinta ya ji kamar an zage shi a gaban masu gidan ɗab'i. Ya ce, "Kai me ka sani ban da shafa fenti? Ƙadangare ko makaho ya zana shi." Ya ɗauki tsohon ƙarfen ya wurga cikin bokitin shara. Mai Zane ya miƙe. Ya tattara burushinsa ya koma can bakin tasha ya kama ɗan shago. Bayan mako Kafinta ya aika masa da sabon teburin zane, aka dawo da shi a kan amalanken da ya kai shi. Tsattsewa kaɗai ta ci gaba da zuwa wurin baffanta, kamar ba abin da ya faru.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Kafinta ya dawo daga kasuwar katako bayan azahar, ya tura ƙofar shago, ya leƙa bayanta da niyyar ɗauko zarto. Katakai ne jingine a wurin, sababbi fil, kowanne da koren ƙadangarensa yana washe haƙora. Na banza ne dukkansu. Jak ɗin injin ya daɗe yana yoyon mai, yana cewa gobe zai gyara. Rannan ya saki cikin dare, gam bai kama tsakiya ba. A ido ba ka ganin komai, sai ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ya ɓoye su ne sai ranar da ba mutane ya yayyanka su.

Na gaba a jerin, mai jan gefe, babu shi.

Ya tsaya yana kallon gurbin. Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba bayan inji, duk da ya san shi bai taɓa shi ba. Sai ya ga wani tsohon katako a kan teburi, hancinsa ya cinye, an kwance masa tayoyi. Ya san shi, shi ya yi shi. Ƙonannen ƙadangare mai guntun bindi ne a cikinsa. Na Tsattsewa ne.

Ya fito yana tuntuɓe, ya buga ƙofar kwanon maƙwabcinsa. "Wa ya shiga shagona?"

Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa. "Wa kuwa ke da makulli ban da 'yar gaban goshinka? Ta zo da hantsi, ta ce nata ya gaji. Ta ɗauki sabo ta ɗaura tayoyinta, har tana nuna mini, wai baffa ya ɓoye masu kyaun a bayan ƙofa. Lafiya? Ka yi fari kamar an zare maka jini."

"Ina ta tafi?"

"Ta ce yau za su ɗauki bidiyo, wai tarihin Guntu. Ban tambayi wurin ba."

Kafinta ya zaro waya, ya kira lambar yarinyar. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake. Ya san inda wayar take, tana cikin jaka, jakar tana yashe a gefen titi. Ya kira matarsa, ta ce ita rabonta da yarinyar tun jiya. "Me ya faru, Maigida? Muryarka ba daidai ba." Ya kashe wayar.

Mai Walda ya riga ya ajiye kayan aikinsa. "Mutum ɗaya ne zai san inda take," ya ce, "kuma ka san shi."

A bayan babur ɗin Mai Walda, Kafinta ba ya ganin titi. Katakon yake gani, fallayensa suna rabuwa kamar shafukan littafin da ya sha ruwa. Ya san yadda irin wannan ke yi. Ba ya karyewa in ana tafiya a hankali, sai ya bari an amince da shi. Sai an tashi sama an diro da ƙarfi.

Sun tarar da Mai Zane a kan ɗan tsani yana rubuta allon wani mai aski. Ya waiwayo ya ga yayansa, ya mayar da ido kan aikinsa.

"Ina yarinyar nan?" in ji Kafinta.

"Ba ko sallama?"

"Ina take?"

"In teburi ka sake kawowa, ba ni da wurin ajiye shi."

Kafinta ya matso kusa. Tun da yake bai taɓa cewa aikinsa ya lalace ba. Ya kama ƙafar tsanin da hannu biyu. "Ta ɗauki katako daga bayan ƙofa."

Burushin ya tsaya. Fenti ya fara gangarowa daga ƙasan wani harafi, Mai Zane bai kula ba. "Ba za ta ɗauki na bayan ƙofa ba. Ta san ƙa'ida." Sai ya juyo gaba ɗaya. "Da ƙadangare a jikinsa?"

"Akwai."

Mai Zane bai sauko ta matakala ba, dirowa ya yi. Gwangwanin fenti ya kife a ƙasa. "Gangaren tankin ruwa," ya ce, muryarsa ta koma ta wani. "Magudana za ta tsallake. Tun watan jiya take shiri. Hau!"

Kafinta ya hau bayan babur ɗin ƙanensa, Mai Walda ya biyo su a kan nasa. Sabon titi ne da ba a buɗe wa motoci ba tukuna, ya gangaro tun daga tankin ruwa ya ƙare a bakin wata babbar magudanar siminti mai zurfin da ya fi tsayin mutum. Kafinta ya san wurin. Ya riƙe rigar Mai Zane, yana jin bugun zuciyarsa ta bayansa. Suka kutsa tsakanin wata motar kaya da bango, madubi ya goge, direba ya bi su da zagi, ba wanda ya waiwaya. A mahaɗar hanya fitila ta nuna ja, Mai Zane ya wuce. Bai ce masa "ai na faɗa maka" ba. Da ya faɗa, da Kafinta ya ji sauƙi. Abin da yake ji kawai shi ne ƙanensa yana ta maimaita addu'a ɗaya, can ƙasa-ƙasa, yana haɗiye rabinta.

Ta ƙasan gangaren suka ɓullo, inda wata 'yar gadar ƙafa ta ratsa magudanar. Matasa sun yi cincirindo a gefe biyu, wayoyi a sama. A bakin magudanar sun kafa ɗan tudun katako mai cilla mutum sama. Can ƙolin titi, kusa da tankin, ga wata 'yar siririya da jar hular kwano, ƙafa ɗaya a kan katako.

"Tsaya!" Mai Zane ya kurma ihu tun kafin babur ya tsaya. "Tsattsewa, tsaya!"

Ihun ya narke cikin na matasan, su ma sunanta suke kira. Ta hango su kuwa. Ta ga ubanta da baffanta a kan babur ɗaya, abin da ta shekara ba ta gani ba. Ta ɗaga hannu biyu sama tana murna, sannan ta tura ƙafa.

Kafinta bai san lokacin da ya ƙetare gadar ba. Ya isa tudun katakon ya kama gefensa zai janye, sai hankalinsa ya dawo. In ya janye shi, kai tsaye za ta faɗa ramin. Ya saki. Ya ɗaga kai, ta riga ta ci sulusin gangaren, ta duƙa, hannayenta a baya, ƙarar tayoyin tana ƙaruwa kamar ana yage zane. Sai ya ruga sama, tsakiyar titi, yana haki, takalminsa ɗaya ya fita. Ya buɗe hannuwansa kamar mai tare saniyar da ta ɓalle.

"Kai tsoho, kauce!"

"Mahaukaci ne? Ku janye shi!"

Wani ya kamo masa riga, Kafinta ya fizge. Yana ganin fuskarta yanzu, yana ganin bakinta a buɗe tana yi masa nuni da hannu ya matsa. Ta karkata dama, ya matsa dama. Bai kauce daga gabanta ba. In bugewa ce ta buge shi, ya fi ramin can. Ya runtse ido ɗaya.

Ta murɗa jiki, katakon ya juya a karkace, tayoyi suka yi ƙara suna goge kwalta. Ta yi nisa a haka, saura ƙiris ta tsaya, sai tayar gaba ta ci karo da wata tsakuwa. Ta tashi sama. Ta faɗi a kafaɗa, ta mirgina, ta mirgina, ta tsaya a jikin tarin yashin masu aikin titi. Katakon ya gangaro shi kaɗai ya bugi ƙaurin Kafinta.

Ba ta motsa ba.

Mai Zane ya wuce shi a guje ya zube a gabanta. Kafinta ya kasa ɗaga ƙafa. Yana kallon jar hular, yana jiran ta motsa. A ransa ya ce, na tare ta daga rami na kashe ta a kan titi.

Sai ƙafarta ta lanƙwashe. Ta yi tari, ta tofar da yashi. Uban ya tallafe ta ta zauna. Hannun rigarta ya yage, fatar daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa ta saluɓe, jini yana tsattsafowa, ta riƙe wuyan hannunta na hagu da na dama. Ta ɗago ta nemi baffanta da ido.

"Baffa, kashe ni za ka yi?" Kuka da fushi sun haɗu a muryarta. "Me na yi maka? Da na buge ka fa?"

Matasan suka taso masa. Wani dogo mai riƙe da kyamara ya ce, "Wata guda muna shirya wannan! Don kayanka muke yi fa, tsoho, kai ko kunya!" Wani ya ce ai shi ne mai Guntu, wani ya ce to Guntu ya taɓu.

Kafinta ya juya musu baya. Ya duƙa ya ɗauki katakon. Sumul yake, ko tsaga babu, ƙadangaren yana ta washe haƙora. Ya ɗingisa zuwa inda masu aikin titi suka tara bulo, ya jawo biyu, ya ware su, ya ɗora katakon a kai. Tsattsewa ta zuba masa ido. Ta san wannan tun tana ƙarama.

Ya hau, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya yi tsalle. Katakon ya lotsa ya dawo.

"To ka gani!" in ji mai kyamara. "Lafiyarsa ƙalau!"

Wani tsoro na daban ya kama shi: kada a ce wannan ɗin gam ya kama shi, ya saluɓe wa yarinya fata a banza. Ya dubi ƙanensa. Mai Zane yana kallonsa, ba fushi a idonsa, ba tausayi. Kafinta ya sake tashi sama, ya diro da duk nauyinsa, yadda za ta diro a ƙetaren magudana.

Ƙarar kamar an harba bindiga. Katakon ya rabe gida biyu, Kafinta ya zube a tsakanin bulon a kan gwiwoyinsa. Fallayen suka buɗe kamar bakin kifi, cikinsu fari tas, gam ɗin ya bushe bai kama komai ba. Karayar ta ratsa ta tsakiyar cikin ƙadangaren.

Mai kyamara ya sauke hannunsa, ya waiwaya ya dubi magudanar, da dandaɓaɓɓen simintin ƙasanta da ƙarafan da suka tsittsiro a gefe. Tsattsewa ma can take kallo. Sai uban ya rungume kanta.

"Amma da ƙadangare a jiki," ta ce a hankali. "Na duba, Baffa. Wallahi sai da na duba. Kai ka ce in na gan shi in hau."

Mai Walda ya iso yana haki, ya miƙa wa Kafinta hannu zai ɗaga shi. Kafinta bai kama ba. Yana durƙushe a kan kwalta, gutsuren katako a kowane hannu. Tuni zuciyarsa ta fara irin lissafin da ta saba: zai yi mata sabo wanda ba a taɓa yin irinsa ba, zai gyara jak, zai yi wa ƙanensa tsani mai kyau a madadin wancan mai rawa. Ya dubi jinin da ke ɗiga daga gwiwar hannunta yana shiga yashi, ya ga ba katakon da zai sassaƙa ya biya wannan.

Ya ajiye gutsattsarin. Ya ja gwiwa ya matso kusa da su. Muryarsa ta fito a dishe, amma har na bayan taron sun ji.

"Ba laifinki ba ne, 'yata. Ni na san ya lalace, na ɓoye, na ƙi faɗa. Ki yi haƙuri." Ya juya ga ƙanensa, ya kasa haɗa ido da shi, sannan ya daure ya haɗa. "Kai kuma ka faɗa mini gaskiya na zage ka a gaban mutane, yau na kusa raba ka da 'yarka. Na yi kuskure, ɗan'uwana. Don Allah ka yafe mini."